Hannun da Baba Bunu Ya Ƙi Miƙawa

Salamu alaikum jama'ar arziki, 'yan uwana na kusa da na nesa. Ya gida, ya yara, ya zafi? Ni ce dai Ummi Kulsum taku ta Kazaure, mai turaren wuta da humra. Ku kwantar da hankalinku, yau ba talla na zo ba. Tambaya zan fara yi muku: kun taɓa ganin babban yatsa guda ya kusa tsayar da ɗaurin aure? To ku gyara zama.

Bari in ɗan haska muku mutanen. Abbanmu, Malam Kyari tela, da Baba Bunu na Babura taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji. Tun suna samari gaisuwarsu ɗaya ce, in sun haɗa hannu sai kowa ya matse na ɗan uwansa iya ƙarfinsa, wanda ya fara cewa wash shi ya faɗi. Baba Bunu ɗinkin buhu yake yi a kasuwar hatsi, hannun nan kamar ƙarfe, Abba bai taɓa cin sa ba. 'Yarsa Halimatu Sadiya sa'ata ce, kuma tun tana goye Baba Bunu ya ce Abba ne waliyyinta. Ana shirin bikinta da Mu'azzam ɗan garin Gwiwa sai wayarta ta faɗa randa, shi ne muka koma takarda kamar mutanen da, Malam Daudu direba yana kai mana. Na nemi izinin kowa kafin in ɗora, har su tsofaffin. Ga takardun yadda suke.

Daga Kazaure

Zuwa ga amaryar Mu'azzam,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, da Inna da Baba Bunu da duk mutan gida. Mu nan lafiya lau, sai Umma da ke ɗan fama da mura, ita ma da sauƙi.

Ke kam Allah ya shirye ki, wa ke leƙa randa da waya a hammata? Na kira layin Baba Bunu in same ki, sai na ji muryata tana tashi a tsakar gidanku har akuya tana amsa min. Tun yaushe ya koyi sa waya a sifika? Na kashe da sauri, don maganar ba ta tsakar gida ba ce.

Sadiya, me ya faru a Roni ranar sunan jaririn ɗan uwanmu Yaya Muhammad Auwal? Abba ya dawo ko tuwo bai ci ba. Ina shara na ji yana faɗa wa Umma. Wai bayan an shafa fatiha ya hango Baba Bunu, ya naɗe hannun riga, mutane har sun fara matsowa za su sha kallo kamar kullum. Ya miƙa hannu. Sai Baba Bunu ya tura nasa cikin babbar riga, ya ɗan sunkuya ya ce, "Malam Kyari, an zo lafiya?" Malam Kyari fa! Mutumin da duk duniya ba ya kiran Abba sai "tela mai hannun mata". Hannun Abba ya tsaya a iska a gaban jama'a, sai ya wayance da gyaran hula.

Abba ya yi ta lissafi ko ya yi masa wani laifi, bai gano ba. Don Allah ki bincika min a hankali. Ga humra na saka miki a leda, kada ki bari Inna ta gani, ta ƙarar da ita.

Taki har kullum,
Ummi

Daga Babura

'Yar uwata Ummi,

Na amsa gaisuwa, muna lafiya, Allah ya ƙara wa Umma sauƙi. Humra ta iso, kuma Inna ta gani.

Wallahi ni ma ban san komai ba. Na ɗan zagaya na tambayi Baba ya sunan Roni, ya ce lafiya lau, ya kawar da kai. Amma ki faɗa wa Baffa Kyari kada ya sa abin a ransa, ba shi kaɗai ba ne. Kwanan nan Baba ba ya miƙa wa kowa hannu, an ce ko a masallaci in an sallame sai dai ya ɗaga wa mutane kai. Kasuwa ma ba kullum yake zuwa ba, in ya je zama yake yi yana nuna wa abokan aikinsa inda za su ɗinka. Abinci kuma ya daina ci a zaure, ɗaki ake kai masa. Kuma da cokali yake cin tuwo yanzu. Inna ta yi magana, ya ce ita dai ta dafa, yadda za a ci ba ruwanta.

Kin ga ke nan ba da Baffa yake ba. Ina ga tsufa ne da tunanin hidimar biki. Ki gaishe min da shi sosai, ki ce 'yarsa tana jiran sa.

Sadiya

Daga Kazaure

Sadiya,

Gaisuwa da fatan alheri, Umma ta warke, ta ce a gaida Inna.

'Yar uwa, na kwafsa. Na ɗauki takardarki na karanta wa Abba a shago, a zatona ruwan sanyi na kai masa. Yana ji yana taka keke, har na zo wajen cokali. Sai ya tsaya cak. Ya ce, "Maimaita." Na maimaita. Ya ce, "Tuwo? Bunu? Da cokali?" Sai ya ce, "To shi ke nan, na gane. Zai haɗa iri da manyan dillalan Gwiwa, hannun talaka ya fara yi masa ƙazanta. Ya daina ɗinki, ya daina gaisawa, ya daina cin abinci da mutane. Sai ya nemi waliyyi cikin masu cokali."

Na ce Abba ba haka take nufi ba. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Shaddar da yake ɗinka wa kansa ta ranar ɗaurin aurenki, har ya kai aikin wuya, ya ninke ta ya tura ƙasan akwati.

Ni dai zan faɗa miki gaskiya, don ba ma ɓoye wa juna. Ni ma da na sake karantawa abin ya tsaya min. Mutum ba ya canjawa haka kawai rana ɗaya. In dai gidanku ya fi ƙarfinmu yanzu, ku faɗa mana mu san matsayinmu, ba sai an bar tsoho da hannu a iska a gaban mutanen Roni ba.

Ummi

Daga Kazaure

Sadiya,

Ina gaisuwa. Shiru shiru, ko lafiya? Kullum sai na leƙa tasha, Malam Daudu har ya gaji da ni, yana hango ni yake girgiza kai ya ce "Hajiyar turare, yau ma babu."

Na san abin da na rubuta a ƙarshen waccan takardar ne. Kin san bakina, yana riga hankalina fita. Ki yafe min don Allah, ke me kika yi?

Amma magana ta yi nisa. Abba ya kira Yaya Auwal ya ba shi saƙo ya kai wa Baba Bunu, cewa yana da uzuri, a duba wani ya ba da aurenki. Umma ta yi ta ba shi baki, ya ce ba fushi yake ba, wai ya rage wa ɗan uwansa nauyi ne. Amma kin ga mutumin da ba ya fushi ya bar allura ta soke shi har sau nawa a wuni? Jiya ya ɗinka wa wani aljihu a bayan riga.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko zagi ne.

Ummi

Daga Babura

Ummi,

Na amsa gaisuwa. Muna lafiya, amma ba duka ba, za ki ji.

E, na yi fushi. Na rubuta miki amsa mai zafi, na karanta na jefa a murhu. Daga baya kuma abin da ya hana ni rubutu ya fi fushin.

Wata safiya na fito zan ɗebi gero, sai na tarar da Baba a ƙofar sito da makulli. Bai gan ni ba. Ya zura makullin a kwaɗo, ya kasa murɗawa. Ya matse shi tsakanin yatsu biyu, ya ƙi. Ya haɗa tafukan hannu biyu, makullin ya faɗi ƙasa. Ya sunkuya zai ɗauka, Ummi, ya kasa tsintar makulli a ƙasa. Sai ya zauna a kan turmi ya riƙe hannun yana kallon sa. A nan na ga gindin babban yatsansa, wajen da ya haɗu da wuyan hannu, ya kumbura ya yi ƙulli, yatsan ya karkace ya shige ciki. Na zo na ɗauki makullin na buɗe.

Na je na samu Anti Dorkas maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya. Ta shigo kamar ta zo aron rariya, ta yi ta jan sa da hira har ya yarda ta duba. Ta kama yatsan ta ɗan danna ta juya shi a hankali, sai Baba ya ce wash! Kalmar da Baffa ya ƙare ƙuruciyarsa yana nema, ga ta Anti Dorkas ta samu da yatsu biyu. Ta tambaye shi tun yaushe, ya ce an daɗe, tun yana jin sa in ya tura basilla kawai, har ya koma ko maɓallin riga ko murfin gora sai ya ji kamar an soka masa ƙusa. Loma ma in ya zo murzawa sai ta gagara. Wayar da kika ji a sifika, riƙe ta ne ba ya iyawa.

Ta matsa masa sai an ɗauki hoton ƙashi. Kin san ina muka je? Kazaure. Mun wuce ta bakin layinku, Baba ya sunkuyar da kai a mota kamar ɓarawo. Likita ya nuna mana hoton, ya ce amosanin gaɓa ne, guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi ya cinye, sai ƙasusuwan suna gugar juna. Ya ce shekaru ne da yawan aiki da yatsan, kuma na hagun ma ya fara. Inna ta ɗauka sammu ne, ya ce ba ko ɗaya. Ba ya komawa kamar da, amma ana samun sauƙi. Ya ba shi wani abin ɗauri mai tauri da ke riƙe yatsan, da man shafawa da ƙwayoyi, ya ce a riƙa gasawa da ruwan ɗumi, ya rage aikin da ke matsa wa yatsan. In bai lafa ba akwai allurar da ake yi a gaɓar, in ta ƙi sai a yi maganar aiki. Baba ya tambaye shi, "Gaisawa fa?" Likita ya ce a hankali ba laifi, ban da matsewa. Baba ya yi tsaki.

A hanyar dawowa na ce bari mu biya wajen Baffa a warware komai. Ya ce in na faɗa wa Baffa bai yafe ba. Ya ce, "Gara Kyari ya ce na yi girman kai, da ya ce ya kayar da ni. Ba ki san bakinsa ba, har a kabarina sai ya zo ya yi min dariya."

Sai ga Yaya Auwal da saƙon Baffa. Baba ya saurara ya ce to. Bayan ya tafi Inna ta ce sai a nemi limamin unguwa ya tsaya. Baba ya ce, "Ba mai ba da Sadiya sai Kyari. In bai zo ba a ɗaga bikin." Inna ta ce to ka faɗa masa gaskiya mana. Ya ce a'a. Ga dangin Mu'azzam sun riga sun raba goro.

Na yi wa Baba alkawari ba zan faɗa wa Baffa ba, kuma ban faɗa ba. Ke na faɗa wa. Ke kuwa ban taɓa sanin kin riƙe magana ta kwana a cikinki ba.

'Yar uwarki,
Sadiya

Daga Kazaure

Sadiya ta,

Gaisuwa, da ya mai jiki. Allah ya ba Baba Bunu lafiya, ya sa kaffara ne.

A tasha na karanta, na zauna a kan benci ina kuka, wata mai ƙosai tana ta min ta'aziyya. Kuma kin faɗi gaskiya, ko sallar la'asar maganar ba ta kai ba.

Na samu Abba a shago na zayyane masa. Ya ɗauke ƙafa daga keke. Ya ce, "Wane hannun?" Na ce na dama, na hagun ma ya fara. Ya daɗe yana kallon nasa hannun, ya ce, "Basillar nan ce. Tun muna yara na ce ya zo in koya masa keke, ya ce aikin mata ne." Ya ce, "Har Kazaure ya zo ya wuce ƙofata?" Idonsa ya kawo ruwa. To amma da na zo wajen Anti Dorkas da wash, sai na ga gefen bakinsa yana rawa. Ya ce, "Da bakinsa ya faɗa? Akwai shaidu?"

Nan fa muka taru a kansa ni da Umma. Umma ta ce, "Malam, mutum ba shi da lafiya, wallahi in ka je ka yi masa shaƙiyancinka ba ni ba kai." Ba mu bar shi ba sai da ya yi alkawari zai je ya gaishe shi cikin mutunci, ba tsokana, ba dariya, kuma ba zai nuna ya san komai ba. Zai zo ranar kasuwarku. Ki yi kamar ba ki sani ba, ki kasa kunne, ki rubuto min komai, kada ki rage min ko tari.

Ummi

Daga Babura

Ummi,

Muna lafiya, jikin Baba da sauƙi, gashin ruwan ɗumin yana yi masa. A gaida Umma, amma ki ce mata shawararku ta kusa ƙarasa ɓata abin.

Baffa ya iso da hantsi. Ya yi sallama a zaure, hannayensa a baya kamar ɗan makaranta. Ya ce, "Malam Bunu, mun same ku lafiya? Ya iyali? Ya ƙoƙari?" Ya zauna can bakin tabarma kamar wanda ya zo neman aure. Ina bayan ƙofa ina ji. Suka yi maganar damina, suka yi maganar gero, suka sake komawa damina. Duk abin da Baba ya ce sai Baffa ya ce "haka ne, gaskiya ne." Na leƙa, fuskar Baba ta haɗe kamar hadari.

Na kai musu tuwo da kaza. Dama Baba ya ja min kunne kada in kuskura in sa cokali. Suka wanke hannu, Baba da na hagu kawai, na daman yana cikin riga. Aka zauna ana kallon kwano, ba mai farawa. Tuwo yana hucewa. Can Baffa ya sassauta murya ya ce, "Ko a kawo maka cokali ne, Malam? Ai ba komai."

Ummi, sai Baba ya fashe. "Kai Kyari! Mutuwa na yi ne kake min zaman makoki? Wane ne Malam? Tun ɗazu kana min haka ne, gaskiya ne, yaushe na taɓa faɗar gaskiya a wurinka?" Ya zaro hannun da abin ɗaurinsa ya ajiye a tsakiyar tabarma. "Ga shi nan. Na san yaran nan masu surutu sun kai maka. Faɗi abin da ya kawo ka."

Baffa ya kalli hannun, ya kalli rufi. Ya ce, "Mata sun sa ni alkawari."

Baba ya ce, "Na warware maka."

"Ka yafe?"

"Na ce faɗi!"

Baffa ya sake kallon yatsan a naɗe, kafaɗunsa suka fara rawa. Ya ce, "Bunu, wanzamin wane gari ne ya yi wa yatsan nan kaciya?" Ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi. "Mai hannun ƙarfe! An ce mace ta taɓa ka da yatsu biyu ka yi ihu har an ji a Nijar!"

Baba ya ce, "Ƙarya ne, tari na yi. Kuma ko da yatsu huɗu na fi ka, tela mai hannun mata."

Wallahi ina jin sunan nan na zauna a ƙasa don daɗi. Sai Baffa ya jawo kwanon kaza gabansa, ya dinga yagar naman ƙanana ƙanana yana turawa gefen Baba, ya gutsuro tuwo ya murza lomomi ya jera masa. Bakinsa bai yi shiru ba. "Ci, jariri. Ko in tauna maka?" Baba yana zagin sa yana ɗauka da yatsu huɗu yana ci. Rabon da in ga ya cinye abinci haka har na manta.

Da suka gama Baba ya ce, yana kallon gefe, "An ce kana da uzuri."

Baffa ya ce, "Ina da shi mana. Ranar ɗaurin aure duk Gwiwa za su zo, manoma da 'yan dako, kowa da hannu kamar faranti, kowa yana son ya gaisa da uban amarya. Za su ƙarasa maka yatsan. To ni zan tsaya a damanka, duk hannun da ya taho in cafke. Kai ka sa naka a riga ka yi ta sunkuyawa, ai na ga ka ƙware."

Baba ya ce, "Za su karya ka."

Baffa ya ce, "Wanda kai ba ka karya ba?"

Ki zo da wuri, akwai daka.

Sadiya

To jama'a, kun ji. An ɗaura aure lafiya, Abba ya ba da 'yarsa, ya dawo gida yana jiƙa hannu a ruwan ɗumi yana cewa mutanen Gwiwa ba su da imani. Baba Bunu yana nan da yatsansa, wata rana da sauƙi, wata rana sai a hankali, musamman in an yi sanyi. Ku sa shi a addu'a.

Yanzu ku faɗa min, a gidanku akwai tsoho ko tsohuwa mai irin wannan ciwon na gindin babban yatsa? Masu kitso, masu ɗinkin hula, masu matsar ƙuli, na san kuna nan. Ya aka yi kuka gane, da kansu suka faɗa ko sai da kuka kama su? Kuma me kuke yi musu suna jin sauƙi? Ku rubuto a ƙasa, ina nan ina karantawa.